Gicciyen Hannun Hagu

Ƙayar dabino ce ta jawo mana komai, ƙaya guda ɗaya wadda ba ta kai tsinken sakace ba. Matata Afumiya tana tsaga reshe za ta hura tanderu, ƙayar ta shige mata ƙarƙashin babban yatsa na dama, ita kuwa ko a jikinta, don ciwon suga ya daɗe da kashe mata ji a hannu da ƙafa. Mace ce da za ta ciro tire daga wuta da hannu tana ba ka labari. Sai da yatsan ya kumbura ya fara wari sannan ta nuna mini, shi ma don ya hana ta kwaɓa burodi ne.

Wata biyu muka yi muna zarya tsakanin ƙauyenmu da asibitin birni. Yatsan ya yi baƙi, baƙin ya ci tafin hannu, ya doshi sama. Ranar wata Litinin likitan, wani yaro da bai kai ɗanmu Abadir shekaru ba, ya zaunar da mu ya ce babu sauran dabara, Alhamis ta sama za a cire hannun.  Ita kuwa ko ƙwalla ba ta yi ba, sai ta miƙa masa hannun a kan tebur.

"A ina za ka yanke, ɗana?"

Ya ɗauki biro ya ja layi ƙasa da gwiwar hannu kaɗan. Ta dubi layin, ta juya hannun ta dubi wuyansa.

"To gicciyen fa?"

"Inna, ranki muke son ceta," in ji shi.

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ban ga laifinsa ba. Shi gani yake zanen gicciye ne irin na kowa, wanda mu Kiristoci Kibɗawa ake buga mana da allura da tawada a cikin wuyan hannun dama. Nata ma ba wani kyau gare shi ba. Shekara sittin da uku sun sa ya baje ya yi shuɗi-shuɗi, kamar ƙudan da aka murƙushe, kuma shekara arba'in da ɗaya na yi ina tsokanarta a kansa. Amma ranar da aka yi mata baftisma aka buga shi, tana da kwana tamanin a duniya. Wata tsohuwa ce ta buga da allura uku ɗaure da zare, tawadar kuwa kunkunniyar fitila ce da aka dama da nonon mahaifiyarta, yadda ake yi a da. Shekara biyu bayan nan zazzaɓi ya ɗauke mahaifiyar. Ba ta bar hoto ba, ba ta bar ko ɗankunne ba, Afumiya ba ta tuna fuskarta. Ɗigon nan shi kaɗai ne abin uwarta da ya rage mata.

Da muka dawo gida na kira mata Abuna, limamin cocinmu, don ya kwantar mata da hankali. Ya sha shayi, ya yi mata bayani mai daɗi, ya ce gicciye na gaskiya a zuciya yake, Ubangiji kuma ya san nasa ko da hannu ko babu. Ta saurare shi har ya gama.

"Abuna, ai ba Ubangiji nake ji ba, Shi ya san ni tun ina ciki," ta ce. "Innata nake ji. Jaririya 'yar shekara biyu ta bari. Yanzu tsohuwa za ta je mata, ba haƙori, ta ma girme ta da shekara arba'in. Da me za ta gane ni?"

Abuna ya tashi ya yi mana sallama. Da ya tafi sai ta juyo kaina. Lokacin azumin Maryamu ne, ana biki a gidan masu zuhudu na kan dutse, masu buga gicciye duk sun kafa rumfuna. Ta ce in kai ta wurin ɗaya daga cikinsu, Fanus, a buga mata wani a hannun da ya rage, kafin Alhamis ɗin, don ba ta san ko za ta farka daga tiyatar ba.

A nan ne muka yi ta. Likitan ya riga ya ja ni gefe ya gargaɗe ni cewa jinin hannun hagun ma da ƙyar yake kaiwa yatsu, ko farce kada a yanke mata da ganganci, in ya yi rauni ya ruɓe to shi ma ya tafi. Na faɗa mata haka.

"Ƙaya ɗaya ta ci miki hannu, Maman Abadir! Yanzu kuma ki kai ɗayan a soka masa allura sau ɗari? Kin haukace ne?"

"Hannuna ne ko naka?"

"Nawa ne! Wa zai riƙa ba ki abinci a baki in duka biyun suka tafi?"

"Au, wahalarka kake ji? To ka faɗi gaskiya mana tun farko."

Ba wahalata nake ji ba, ta kuma sani sarai. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba. Amma ni mutum ne da in tsoro ya kama ni sai in yi ta faɗa, ita kuma in ta kafe ko jakin garin Asiyut bai kai ta taurin kai ba. Ta daina cin abinci. Kwana biyu na ajiye mata wake da burodi na ɗauke su yadda na kawo. Mai ciwon suga kuwa in ya ƙi ci, ba sai an kai shi tiyata ba ma. A rana ta uku na ce na yarda, gobe za mu hau dutse, yau bari in je in kama mana layi.

Fanus abokina ne tun muna satar rake a gonar mutane. Kakansa mai buga gicciye ne, ubansa ma haka, shi ne ya ajiye allurar hannu ya koma inji mai aiki da batirin mota. Na same shi a rumfarsa ya cika kujera, sigari a baki, mata sun yi layi da jarirai sai tsala ihu suke. Na ja shi bayan rumfa na gaya masa abin da nake so: ya cire allurar daga injin, ya zana da tawada kawai, ya bar injin ya yi ta ƙara a kan fatarta, ya naɗe da bandeji. Ba ta jin zafi, idonta kuma ya yi rauni, ba za ta gane ba.

Ya cire sigarin ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ayyad, kai ko tsufan ma bai sa ka yi hankali ba. Ƙarya za ka sa ni da gicciye? A ƙofar Maryamu, cikin azuminta?"

"To buga mata na gaske, ka zo ka taya ni ɗaukar gawa."

"Sai in ce mata ba zan yi ba, shi ke nan."

"Ta wuce rumfa ta gaba, wurin yaran nan da ba su san ta ba, masu allura ɗaya tun safe? Ka san ta fa."

Ya san ta. Ya tofar da yawu ya ce zunubin a wuyana. Na ce na ɗauka. A lokacin da sauƙi na faɗe shi.

Washegari ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta rataye hannun mai ciwo a ƙirji da mayafi, muka hau. Zafi kamar a bakin tanderu, ga turereniya, ga masu ganguna, ga ragunan bakance ana ja. Sau biyar muka tsaya ta huta. Amma da muka isa rumfar sai ta miƙe kamar amarya ta zo zaɓen zane.

"Fanus, har yanzu ba ka mutu ba? Wannan tumbin fa, azumin ne ya kumbura shi?"

"Ina jiran mijinki ya riga ni, Maman Abadir, in ga ko za ki dube ni."

"Da hannu ɗaya ma na fi ƙarfinka. Fito da kayanka mu gani."

Ya baje mata hatimansa na itacen zaitun, waɗanda ya gada. Ga waliyyi Mar Girgis a kan doki yana soke maciji, ga Maryamu riƙe da Ɗanta, ga gicciye iri-iri, mai fure, mai kambi, mai baki uku a kowane reshe. Ta riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya tana kai su kusa da ido. Mai dokin ta ce ita ba soja ba ce. Mai furen ta ce na 'yan mata ne masu neman miji. Shi kuwa mai kambin ta ɗan riƙe shi, ta ce yana da kyau, ta ajiye.

"Duk ba su yi miki ba?" in ji Fanus.

"Sun yi kyau da yawa. Innata ba ta san su ba." Ta kwance mayafin ta ɗora ruɓaɓɓen hannun a kan teburinsa. "Wannan za ka kwaikwaya. Yadda yake ɗin nan, kada ka gyara."

"Haba, wannan ai ba zane ba ne, tabo ne. Mutane su gani su ce Fanus ya makance?"

"Ka ce musu ni na makance."

Sai maganar wuri. Ni na yi saurin cewa a yi a dantse, can sama inda hannun riga zai rufe, don ina lissafin inda ba za ta riƙa gani ba, ruwa kuma ba zai taɓa ba. Fanus ya gane, ya mara mini baya, ya ce ai mata da yawa yanzu a kafaɗa suke yi.

"A kafaɗa? 'Yar rawa kuka mai da ni?" Ta harare mu duka. "Kun taɓa ganin uwar da ta tarbi ɗanta ta fara leƙa kafaɗarsa? Hannu ake kamawa a juya."

"Amma hagu ne fa," na ce. "Wa ya taɓa yin gicciye a hagu? Dama za ta nema."

"Ta nema ta tarar babu, sai ta kama ɗayan. Wadda ta yi jiran shekara sittin, juya hannu biyu ne zai gagare ta?"

Fanus ya sa tabarau ya sunkuya a kan tsohon gicciyen. Warin hannun ya ishi kowa a rumfar, amma ko hancinsa bai toshe ba, wannan kam na yaba masa. Ya daɗe yana dubawa, yana bin gefen da bayan biro.

"Kin san reshen nan na ƙasa ya fi sauran tsawo, ya kuma karkace?" ya ce. "Ba bajewa ba ce wannan. Nan kika fizge hannu. Wadda ta riƙe ki ta sassauta, tausayi ya kama ta. In baƙuwa ce ta riƙe yaro ba ya motsi, uwa ce kullum take ɓata mana aiki."

Afumiya ta ƙura wa gicciyen ido. Shekara sittin da uku tana ɗauke da abin, ba wanda ya taɓa karanta mata shi. Ta yi wata 'yar dariya, sai hawaye suka biyo, karo na farko tun da aka soma ciwon nan.

"Ashe ta ji tausayina," ta ce. "To ka karkata shi yadda yake."

Sannan ta sa hannu a ƙirji ta ciro wata 'yar kwalbar maganin ido. Ban san da ita ba. Nono ne a ciki, ta sa 'yarmu Marta, wadda take goyo, ta tatsa mata da safe.

"Zuba a tawadar. Ai na Inna ne, ta jikina ya bi ya sauka wurin Marta."

Fanus ya dube ni. Na kau da kai ina kallon layin mata. Na ji ƙarar cokali yana dama nonon da tawada, ban kuma taɓa jin na tsani kaina kamar wannan lokacin ba. Da zan yi magana, a nan ya kamata in yi. Ban yi ba. Ya zana gicciyen a wuyan hannun hagu da hannunsa, reshen ƙasa a karkace, ya kunna inji ya ɗora. Injin ya yi ta kuka a kan fatarta babu allura. Gumi yana ɗiga daga haɓar Fanus.

"Ko kaɗan ban ji zafi ba," in ji ta. "Ashe ciwon nan ma yana da rana."

Ya bari ya bushe, ya kai mata kusa da ido ta gani, ya naɗe da bandeji. Ya ce kada ruwa ya taɓa, kada a buɗe sai bayan kwana goma. Da za mu tafi ta yi masa addu'a, shi da 'ya'yansa da jikokinsa. Ya goge hawaye, ya ce hayaƙin batir ne ya shige masa ido.

Kwanakin da suka rage ta yi su cikin walwala. Ta ci abinci, ta yi barci, ta zauna a ƙofar gida tana nuna wa maƙwabta bandejin. Ni nake yi mata wanka, ta ɗaga hannun sama tana yi mini tsawa kada in fantsama. Na riƙa gaya wa kaina cewa na yi daidai. Shirina shi ne in an gama tiyata ta warke, sai in ce tawadar ce ba ta kama ba, laifin Fanus ne, mu roƙi likita ya bari a sake. Na lissafa komai, ban da abu ɗaya da ko yaro ya sani: wanda za a yanke wa hannun dama, a hagu ake sa masa ƙarin ruwa.

Ranar Alhamis da safe aka kwantar da ita a gadon turawa. Wata nas ta zo da allura da auduga, ta nemi jijiya a bayan hannun ba ta samu ba, a gwiwar hannu ma duk sun ɓuya. Ta ce sai an kwance bandejin nan.

"A bar shi mana," na ce. "Ki nemi wani wurin."

"Babu wani wurin, Baba."

"Kwance, 'yata," in ji Afumiya. "Ai ya kusa kwana goman. Amma a hankali, sabo ne."

Ta faɗe shi da alfahari. Nas ta kwance, ta jiƙa auduga da ruwan maganin nan mai kaifin wari, ta goga a gefen wuyan hannun. Audugar ta taso shuɗiya. Yarinyar ta dubi audugar, ta ɗauka datti ne, ta sake gogawa. Rabin gicciyen ya tafi. Ta ja da baya a tsorace tana cewa wallahi ba da gangan ta yi ba.

Afumiya ta ɗaga hannun ta kai shi dab da idonta. 'Ya'ya huɗu ta riƙe aka buga musu gicciye, ta san yadda sabo yake: ya kumbura, ya yi ɓawo, ya yi ja a gefe. Nata fatar sumul take, ko ɗigon huda babu. Ta sa leɓe ta jiƙa wurin, ta goga a zanen gado. Sauran ma ya tafi.

"Ba laifinki ba ne, 'yata. Sa allurarki," ta ce. Sannan ta juyo. "Baban Abadir."

"Na'am."

"Kai ne ko Fanus?"

"Ni ne. Shi ƙi ya yi, na matsa masa."

"Da nonon Marta."

"Afumiya, hannun nan kaɗai ya rage miki. Na ji tsoro ne."

"Na sani." Ta rufe ido. "Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa kama ka da ƙarya ba, sai yau da ba ni da lokacin yin fushi."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Masu tura gado suka zo suka kama. Na bi su har ƙofar da ba a wucewa, ina riƙe da ƙarfen gadon. A bakin ƙofar ta ce su dakata.

"In sun cire, kada ka bari su jefar. Ka karɓa ka kai ƙauyen iyayena, a buɗe kabarin Inna a sa mata. Ka ce mata ga wannan ta riƙe, sauran yana tafe. Haka za ka faɗa, kada ka gyara mini magana."

Ta farka daga tiyatar. Da na ga ta buɗe ido ta gane Marta, sai na karɓi abin da suka naɗe mini a farin ƙyalle, na rungume shi a ƙirji, na shiga mota, na hau kwalekwale na ƙetare kogi. Bai kai nauyin burodi biyu ba. Hannun da ya ciyar da ni tun ina saurayi ke nan. Mai gadin makabarta ya buɗe mini ramin gidansu, na sauka da kaina na ajiye shi a gefen da ya nuna mini.

Na tsaya kamar wawa. Ban taɓa ganin matar nan ba, ta rasu ina yaro a wani ƙauyen, ga shi na zo gaishe ta da furfura.

"Inna, ni ne Ayyad, mijin 'yarki," na ce. "Ta aiko ni. Ki duba wuyan hannun, za ki ga inda kika sassauta."

Saura ainihin saƙon nata. Na so in sauya shi, in ce tana gaishe ki, in ce ki ɗan ƙara haƙuri tukuna. Amma na riga na yi mata ƙarya sau ɗaya a makon nan, ba zan ƙara ba. Na faɗe shi yadda ta ce, da bakina na sanar da mutuwar matata tana raye, na fito na zauna a kan ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar ubana.

Da na koma asibiti fuskarta tana kallon bango.

"Ka faɗa mata?"

"Na faɗa."

"Yadda na ce?"

"Yadda kika ce."

Ta miƙo mini hannun hagun in tayar da ita zaune. Daga ranar ba ta ƙara tayar da maganar ba, ba ta kuma ce a koma wurin Fanus ba, ko da na yi mata tayi sau biyu. Ta koyi cin abinci da hagu, ta koyi taje kai, har kaji take watsa wa hatsi. Tana yi mini magana, tana tsokanata wani lokaci, amma in na ba ta labari sai ta ɗan dube ni kafin ta yarda, abin da ba ta taɓa yi ba.

Sauran ya bi bayan wata bakwai, ana cire albasa. Zuciya ce ta tsaya mata, ba ruwan suga, ba ruwan ƙaya. Da za a rufe akwatin na kama hannun hagun na juya. Lafiyarsa ƙalau, yatsu biyar cif, ni na cece shi. Haka muka binne ta da shi, fari tas, ba ko ɗigo.